Rogon makamashi a fakon kakanmu: ƙofofin da na bi da abin da suka ci mini

Mutum uku ke nan cikin wata guda suka same ni da tambaya iri ɗaya: wai sun ji na noma rogon da ake yin man mota da shi, ta ina za su fara? Na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana tun daga tushe, domin ni ta baya na faro, kuma wannan juyi ya ci mini kuɗi da damina guda.

Ni malamin makarantar boko ne a cikin garin Maradi, amma asalinmu wani ƙauye ne kudu da gari, ta wajen Madarunfa. A can muna da filin gado, hekta ɗaya da rabi, a kan tudu kafin a gangara kwarin gulbi. Baffa ya ce zamanin kakanmu ana ɗaure dami 40 a wurin. Ni tun tasowata ban ga ya ba da goma ba. Rabinsa ya zama fako, ruwa na sauka sai ya zame ya wuce kamar an zuba a kan siminti, sauran kuma rairayi ne da garmani ya mamaye, ciyawar nan da ko akuya ba ta waiwayarta. A farkon 2023 na je wani taro inda aka yi mana bayani cewa rogo shi ne shukar da canjin yanayi ba ya kayarwa. Ba ƙarya aka yi ba. In fari ya matsa, rogo yakan toshe ƙofofin numfashin ganyensa, ya kakkaɓe ganyen, ya yi likimo har ruwa ya dawo. Masana na cibiyar CIAT da ke Kwalambiya sun nuna tun 2012 cewa zafin da ake hasashe a Afirka zai fi taɓa wake da dankalin turawa, rogo kuwa zai jure. Aka ce Tailan da Sin suna tatsar itanol daga sitacinsa suna gauraya wa fetur, kuma maƙwabciyarmu Najeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. Dabarar ita ce a shuka a filayen da suka mutu, don kada mai ya cinye gonar hatsi. Na fito daga taron ina auna fakon kakanmu a zuci.

Ƙofa ta farko ba ta gwamnati ba ce, zauren Baffa ne, tunda filin ba a raba shi ba. Na zayyana masa komai yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Ɗana, ta yaya rogo ke zama mai?" Na ce a niƙa shi, a dafa, sitacin ya koma sukari, a zuba yis a bar shi ya tashi, sannan a tace ta hanyar tururi. Ya yi shiru can, sai ya ce, "Wato giya." Wannan kalma ɗaya ta tsayar da ni mako biyu. Sai da muka je wurin limamin garin tare, na bayyana cewa wanda ake yi don mota ko murhu ana zuba masa abin da ke hana a sha, ɗan'uwan wanda ake goge wurin allura da shi ne a likita. Liman ya yi tambayoyinsa, Baffa ya natsu. Duk mai shirin wannan aiki a ƙasarmu ya tanadi amsar wannan tambaya, don babu makawa sai an yi masa ita. Baffa ya yarda bisa sharaɗin aro ne ba rabo ba, kuma kada in taɓa gefen da Gwaggo ke zuba yakuwa. Ranar na fara jin cewa wani na amfani da filin da nake cewa ya mutu. Ashe ban ji komai ba tukuna. Mata na tsintar kirare da saran sabara a ciki, yara na kiwon awaki, Fulani kuma in sun taso daga gulbi nan suke hutar da shanu kafin su kama hanya.

Daga nan sai takarda. Dokar tsarin karkara ta 1993 ce tushen kwamitocin kula da filaye da kowa ke kira Kofo, kuma akwai su a ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma. Na ƙauye maigari ne shugabansa, akwai kuma wakilin manoma da na makiyaya da na mata. Takarda biyu nake buƙata: shaidar cewa filin gadon gidanmu ne, da yarjejeniyar aro tsakanina da dangi. Na je da kofin katin ɗan ƙasa nawa da na Baffa, na zaci kwana biyu an gama. Maigari ya ce, "Mushe, ina maƙwabtan gonar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya san iyakarmu." Ya ce sani daban, shaida daban. Dole maƙwabci na kowane ɓangare ya tsaya a kan iyakarsa da ƙafarsa. Watan Fabrairu ne, biyu daga cikinsu sun tafi cin rani, sai da na jira har tsakiyar Afrilu. Ranar zagayen iyaka wakilin makiyaya ya tsaya a gefen gabas ya nuna wasu tsofaffin kututturan aguwa a jere, ya ce nan burtali ya bi. Tsofaffi suka gaskata shi. Ashe da filin ya daina ba da hatsi babu wanda ya ƙara kula inda gona ta ƙare, mu muka riƙa lissafawa da hanyar shanu a ciki. Nan take hekta ɗaya da rabi ta koma ɗaya da 'yan kai. Na ji zafi a lokacin, yanzu kuwa godiya nake, don da na riga na kafa shinge a kan burtali da fitina zan saya da kuɗina. Kai takardun ƙaramar hukuma don a shigar da su rajista a kuma auna filin da na'ura ya ci mini zuwa uku, domin mai na'urar shi kaɗai ne ga ƙauyuka da yawa. Duka-duka na kashe jikka 22 (jikka guda ita ce sefa 1,000), kuma yawancinsu man babur ne da goro, kuɗin takardar kansa bai taka kara ya karya ba.

Sai bayan duk wannan na nemi malamin gona, wanda shi ya kamata in fara gani. Ya zo da diga a bayan babur. Ya sara fakon sau uku, digar na tsalle tana ƙara. Ya miƙo mini ya ce in gwada. Sannan ya ce, "Saiwar rogo kumbura take yi, Mushe. A cikin wannan ina za ta kumbura?" Ya koma wajen rairayi ya tura hannu har wuyan hannu, ya ce nan akwai wurin kumbura amma babu abinci. Ya yi mini lissafin da ba a yi mana a taro ba: ruwan da ke sauka a yankinmu milimita 500 zuwa 600 ne, cikin wata uku zuwa huɗu, shi kuwa rogo ya fi sakewa inda ake samun 1,000 ko fiye. Juriyar da ake yabonsa da ita ta babba ce. Wata uku zuwa huɗu na farko, lokacin da yake kafa saiwa, in ƙasa ta bushe masa to ya gurgunce ke nan, ko ya rayu ba zai tara sitaci ba. Shi ya sa rogon da muke ci a Maradi yawancinsa na garake ne da fadamu, inda ruwa ke kusa. Shawararsa ita ce in bar fakon shekara guda, in haƙa masa ramuka masu siffar rabin wata da ramukan tassa, masu tare ruwan sama, in cika da taki, in kuma bar tohon gawo da kalgo da sabara su tashi, wato sassaben zamanin nan da aka faro a jiharmu tun shekarun 1980. Rogon kuma in tsaya a rairayi, a kan kunya. Kafin ya hau babur ya tambaye ni wa zai saya. Na ce akwai wani ɗan kasuwa a Katsina da ke tara busasshen rogo yana turawa kudu, inda masana'antun itanol suke, irin jihar Ogun. Ya ce, "Da takarda?" Na ce da baki. Bai ce komai ba. Na ɗauki rabin shawararsa, na yi kunya na zuba taki amalanke 12, amma na ƙi barin fakon, don gani nake ai saboda shi na zo. Gyaran ƙasa ya ci jikka 95.

Shinge shi ne abin da ban sa a lissafi ba ko kaɗan, kuma shi ya fi komai tsada. Gero wata uku yake yi a tashi, rogo kuwa wata 10 zuwa 12 yake kwance a ƙasa. Kowace shekara bayan kaka hukuma na tsayar da ranar sakin dabbobi, daga ranar gonakin damina sun zama makiyaya, wanda ke da shuka a tsaye shi zai kare abinsa. Ka yi tunanin kore guda ɗaya tilo a kan tudu a watan Maris, a bakin burtali. Na so in sari ƙaya in yi shinge, aka ce sai da izinin ma'aikatan gandun daji, na je na karɓa, amma ƙayar da aka yarda in sara ba ta kai ko'ina ba. Ƙarshe na sayi waya mai ƙaya da turaku, na dasa aguwa a gindinta don gaba. Jikka 240.

Iri kuma na sayo shi da wuri saboda zumuɗi. An yaba mini wani mai yawan sitaci, TME 419, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta yaɗa, aka kawo mini kara ta Ɗan Isa, garin da ke kan iyakarmu da Najeriya, aka ce shi ne. Na jingina shi a gindin bedi ina jiran shuka, ruwa ya yi jinkiri mako uku. Ban san cewa karan rogo ba tsabar gero ba ne da za a ajiye. Wani tsohon mai garka ne daga baya ya koya mini gwaji: ka ɗan yanki karan da wuƙa, in farin ruwa ya tsattsafo yana da rai, in bai fito ba itacen wuta ka saya. Ya ce kuma kada in sayi kara sai na ga gonar da aka saro shi, domin cutar nan mai murɗe ganye ta sa shi rawaya-rawaya a cikin kara take tafiya, farin ƙuda kuma ya ƙarasa yaɗa ta. Mun yanka tsawon taƙi guda, santimita 20 zuwa 25, mai gaɓa biyar zuwa bakwai, muka dasa mita ɗaya tsakani, wato kusan 10,000 a hekta. Kwana goma da dasawa ruwa ya ɗauke a gonarmu har kwana 17. Busasshen kara a busasshiyar ƙasa kuwa walimar gara ce. Na riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, ɓawo a tsaye, ciki fayau sai ƙasa. A fako ko kashi ɗaya cikin uku bai tsira ba. Na koma garaken gulbi na sayi ɗanyen kara na gida, mai zaƙi, aka saro da safe muka dasa da marece. Shi ya kama. Iri sau biyu, jikka 95.

Ana cikin haka aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Ɗan kasuwata na Katsina ya koma kamar yana wata duniya. Na ce ba komai, kafin rogo ya nuna an buɗe. Rani ya shigo, na ɗauki yaro mai gadi wata biyar, jikka 75. Daga Fabrairu ganye ya zube ƙaf, sanduna kawai a tsaye, raina ya tashi, na sa ana ɗauko ruwa a tano da amalanke daga wata rijiya a kwari ana ba na rairayin sau ɗaya a mako. Wannan ya lashe jikka 110, kuma da zuciya ɗaya nake cewa rabinsa tsoro na shayar, ba rogo ba. Waɗanda ruwan bai kai gare su ba ma sun toho da ruwan farko. A nan kam rogo ya cika alkawarinsa: bai mutu ba.

An buɗe iyaka a Maris 2024. Na kira mutumina, ya faɗi farashi da naira, na juya shi zuwa sefa, na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Naira ta faɗi, kuma shi busasshe yake so, alhali sai ka fere ka yanka ka shanya wajen kilo uku kafin ka sami kilo ɗaya. Ko kuɗin mota bai fita. A Yuli muka fara tono. Na rairayi ya yi saiwa daidai gwargwado, na fako kuwa kamar yatsun hannu, ga ɗaci, domin fari na ƙara wa rogo dafin nan nasa, sai an jiƙa shi kwanaki an shanya kafin ya ciwu. Na yi wautar tone buhu 15 rana ɗaya. Kwana uku sai ga baƙin zane-zane a cikin saiwar, masu saye suka fara yatsina fuska. Rogo ba ya wuce kwana biyu zuwa uku bayan tono, rumbunsa ita ce ƙasar da yake ciki. Daga nan na riƙa tono kaɗan-kaɗan ana kai wa mata masu dafawa da masu kwaki. Jimilla buhu 50, wajen tan 4.

Wani dare na zauna da alƙalami. Tan guda na ɗanyen rogo yana ba da itanol wajen lita 150, wato gonata duka lita 600. A watan Yulin 2024 ɗin ne aka rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499. Ko da an saye shi da farashin fetur bai kai jikka 300 ba, ga shi ƙarfin itanol kashi biyu cikin uku ne na fetur, ba a kuma cire kuɗin wutar dafawa da tacewa ba. Ni kuwa na kashe kusan jikka 640. Rogon nan dai da na sayar a matsayin abinci ya kawo jikka 430. Wato cikin mutane ya fi tankin mota biya, nesa ba kusa ba. Masana'anta na cin riba ne inda hekta ke ba da tan 20 ko fiye, gonaki kuma suna kewaye da ita ta yadda saiwa za ta isa kafin ta baƙanta. Fakon Maradi ba ya cikin wannan lissafi.

Da karan gonata na sake dasawa a wannan daminar, kuma don gudun farin bara na fi ba da ƙarfi a gefen gangare inda danshi ke daɗewa. Sai ga ruwan ƙarshen Agusta 2024, wanda ya rushe gidaje ya ci rayuka a cikin garin Maradi. Ruwa ya kwanta a gangaren kwana huɗu, duk abin da ke wurin ya ruɓe, don rogo ya fi jure ƙishirwa da jiƙa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na kan dogayen kunyoyi ne suka tsira. Canjin yanayin da aka yi mana bayani a taro fari ne kawai, wanda ya zo mana kuwa da fari da ambaliya ya zo.

Makamashin da na samu a ƙarshe ta wata ƙofa ya shigo, wato ɓawo. Bayan kaka na ɗauko wani magini da ya koyi ginin rijiyar gas, wadda ke fitar da iskar girki daga kashin dabbobi, ya gina mana ta bulo da siminti a bayan gidan Baffa, mai cin mita kubik shida, jikka 380 har da bututu da murhu. Kashin shanu ake fara cika ta da shi, a dama da ruwa daidai wa daida, kullum kuma tana son wajen kilo 40, don haka sai mai shanu uku zuwa huɗu a ɗaure. Bijiman Baffa biyu da na maƙwabci suka rufa mana asiri. Mako biyu sai ga wuta shuɗiya ba hayaƙi. Ni kuma da garajena na kwaso ɗanyen ɓawo daro uku da ruwan matsar kwaki na antaya. Kwana huɗu Inna ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Kai, wutar taka ta mutu, mun koma kara." Magini ya zo ya sunsuna bakin rijiyar ya ce ta yi tsami. Ƙwayoyin da ke haifar da iskar ba sa shiri da tsami, shi kuwa sitaci nan da nan yake tsamama, ga dafin ɗanyen ɓawo. Muka daina ba ta komai sai sabon kashin shanu da ɗan ruwan toka, mako uku kafin ta farfaɗo. Yanzu ɓawon shanya shi ake yi a daka, a zuba awo ɗaya cikin huɗu na kashi, kuma da shi wutar takan kai awa uku a yini. A cikin gari ba zan ba kowa shawarar ginawa ba, tunda muna da gas ɗin matatar Damagaram, ƙaramar tukunya mai kilo 6 farashin hukuma sefa 1,800. A ƙauye ne take da rana, inda mace ke yini neman itace, karan da ya kamata ya rufe gona kuma yake ƙarewa a murhu.

Ga mai son shiga, in da zan sake, da mai saye zan fara, a rubuce, da farashi da sefa da wurin da zai karɓa. In babu shi to in san rogon ci nake nomawa, makamashi kuma daga ɓawo. Sannan malamin gona da digarsa, kafin in kashe ko dala. Takardar Kofo a neme ta da kaka, mutane na gida ba su tafi cin rani ba, kuma a tafi da wakilin makiyaya tun zagayen farko. A ƙirga kuɗin shinge kafin na iri, iri kuwa shi ne na ƙarshe, ranar da ƙasa ta jiƙa, daga gonar da ido ya gani. Wanda filinsa fako ne ya ba shi shekararsa.

Nawa fakon yanzu shekararsa yake ci. Ruwan takin da ke fita daga rijiyar gas muke kwasa a tano muna zubawa a rabin wata 60 da muka haƙa, tohon gawo bakwai sun kai gwiwa, Gwaggo kuma ta riga ta ce gefen biyu daga ciki nata ne, za ta zuba yakuwa.